Garin da Ya Binne Turamensa

Ranar Talata Tanimu ya same ni a bakin kasuwa ina ɗaure buhunan masara a bayan wata mota, ya ce in zo gefe. Tanimu shi ne shugaban 'yan sintirin unguwar da muka samu mafaka a Birnin Gwari. Tare muka yi kiwon awaki da shi muna yara a ƙauyenmu, can bayan Gayam, amma ranar ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Lawal, maganar ƙanenka Habu ce."

"Me ya yi?"

"Kai ma ka sani. Mutum ya faɗa hannun mutanen daji, kwana goma sha tara, ya fito da ƙafarsa ba wanda ya je karɓo shi. Bayan mako guda su faɗo mana ƙauye, su bi gida-gida kamar da su aka gina shi. Yarana suna ta magana, na gaji da riƙe su."

Ya gyara ratayar bindigarsa.

"Kai ne babba. In ka tsaya masa a gaban jama'a, ka ce ka ɗauki nauyinsa, za mu saurara. Amma ka sani, duk abin da ya sake faruwa, kai da shi ne. In kuwa ba ka da abin cewa, ba sai ka wahalar da bakinka ba. Ka yi shiru zuwa Juma'a. Mu mun san ma'anar shirun."

Ni ma na san ma'anarsa. Wanda suka tafi da shi bakin rafi don a yi masa tambayoyi, ban ga wanda ya dawo ya ba da labarin tambayoyin ba.

A wannan harin aka kashe ɗana na fari, Isiyaku, yana da shekara goma sha bakwai. A ƙofar gida suka harbe shi yana ƙoƙarin kwance akuyoyi. Muka rufe shi da safe, da azahar muka bar ƙauyen da abin da kai zai iya ɗauka. Tun daga ranar, wata huɗu, ban ce wa Habu uffan ba, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa a gidan da aka ba mu aro. Don haka da Tanimu ya ce in yi shiru kawai, ba zan ɓoye ba, sai na ji an ba ni aiki mai sauƙi. Ba ni zan riƙe wuƙa ba. Abin da nake yi kullum shi zan ci gaba da yi.

Na koma gida da wannan a raina. Ban san abin da ya kawo mini Kaka ba, matar da ta yi sama da shekara talatin a ƙasa. Amma da na zauna a ƙofar ɗaki da yamma, ita ce ta zo ta tsaya mini a rai, ta ƙi tafiya.

Kakarmu, uwar babanmu, Bagwariya ce. Gajera, baƙa, kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka saboda ɗaukar kaya, don har ta mutu ba ta yarda ta ɗora komai a ka ba. Ƙannenta biyu coci suke zuwa a ƙauyensu, ita kuwa tana da buzun akuya da carbi. Ba ta iya surori da yawa ba, amma 'yan waɗanda ta iya ta riƙe su gam. Ni take kira mijinta, yadda kakanni ke yi, sai dai ba ta taɓa faɗinsa haka ziƙau ba. "Mijin banza, ko gishiri bai taɓa saya mini ba." Habu, da yake na girme shi da shekara biyar, shi ne ango, shi ke da cinya. Na daɗe ina jin haushin wannan cinyar.

Tatsuniya a gidanmu ba kyauta ba ce. Sai an yi isha'i mu shiga madafinta, ta tura itace cikin murhu, ta jawo ƙwaryar aiki. Farkon damina aikin shi ne ɓarar gyaɗar iri. Kowa da tulinsa a gabansa. Hannu ya tsaya, labari ya tsaya. Wanda ya kai ƙwaya ɗaya baki, muciya ta sauka a bayan hannunsa, ba ta ko waiwaya ba. "Wannan ta ƙasa ce, ba ta cikinka ba." Hayaƙi yana korar sauro, yana kuma sa mu hawaye, ba mu damu ba. Ban sake zama a wurin da na ji babu abin da zai same ni kamar wannan madafin ba, ga shi ko ƙofa ba shi da ita, tsohuwar tabarma ce aka rataya.

Daren da nake son faɗa, ina da shekara goma. An sace mana shanun huɗa guda biyu ana saura kwanaki a shiga gona. Ɓarayin wancan lokacin da sanda suke zuwa, a lallaɓe, kare ya yi haushi su ruga. Yau in na tuna da su har kewarsu nake yi. Babanmu da maza huɗu suka bi sawu cikin daji, da kwari da baka da harba-ka-ruga guda ɗaya. Suka ce kwana ɗaya za su yi. Aka kwana biyu ba labari. Dajin nan kuwa in ka shiga, sai ka yini kana tafiya ba ka ga rufin ɗaki ba.

A yammaci na uku innarmu ta ƙi ɗora tukunya. Ta zauna a ƙofar ɗakinta da bakin zane a baki, ta ce kada a hura wuta, kada ɓarayin su dawo su ga haske su gane ba namiji a gidan. Maƙwabta ma haka suka yi. Duk ƙauyen ya yi tsit, ya yi duhu, kana jin kukan kwaɗi tun daga fadama. Habu ya fara ƙananan koke-koke na yunwa, Inna ta toshe masa baki da hannu.

Kaka ta idar da sallarta, ta naɗe buzu, ta fito ta tsaya a kan Inna.

"Ladi, in kin binne shi ne, nuna mini kabarin in je in yi masa addu'a. In ba ki binne shi ba, ɗauko taɓarya."

"Iya, ai ba a daka da dare."

"A gidana ma ba a kwana da yunwa. Zaɓi wadda za ki karya."

Inna ta tashi tana share ido. Suka sa turmi a tsakar gida, ita da Kaka, taɓarya biyu. Ban taɓa jin daka mai ƙara irin ta wannan daren ba. Duk saukar taɓarya sai gabana ya faɗi, ina jin kamar ana kiran duk wani mugun abu da ke cikin daji ana gaya masa ga inda muke. Aka tuƙa tuwo, muka ci. Sannan Kaka ta kora mu madafi, har da Inna, ta zuba wa kowa gyaɗarsa.

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga muciya a gefen murhu ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuma mu ce, "Ta zauna, mun ba ta."

Wai akwai wani gari a bakin daji, kusa da shi kuma akwai wani dodo makaho. Ba shi da ido ko ɗaya, amma kunnuwansa kamar faifai, yana jin tafiyar tururuwa daga hayin rafi. Duk ranar kasuwa sai ya ɗauki mutum guda. Dattawa suka taru suka ce, tunda da kunne yake farauta, a hana shi abin ji. Aka yanka zakaru kaf. Aka ɗaure bakin jakuna da igiya. Maƙeri ya jefa gudumarsa a rijiya. Ladan ya daina kiran salla, kowa ya duba inuwa ya yi tasa a ɗaka. Mata suka haƙa ramuka suka binne turame, aka koma jiƙa hatsi ana tauna shi a hankali. Magana ma aka hana, sai nuni da hannu.

"Sai dodo ya daina zuwa?" in ji Habu.

"Ango, ka taɓa jin dodo ya daina jin yunwa?"

Ranar kasuwa ta zagayo, ya sake ɗaukar mutum. Sai aka ce to, akwai mai yin ƙara a cikinmu. Aka fara sa kunne a bangon juna. Wani tsoho ya yi tari, da safe aka buɗe ƙofar gari aka tura shi waje, aka rufe. Wata mata ta yi atishawa, ita ma aka tura ta. Wanda ke jin haushin wani ba sai ya yi ƙarya ba ma, ya nuna shi da yatsa kawai, ya taɓa kunnensa. Wanda aka nuna kuwa ba shi da halin kare kansa, don yana buɗe baki ya tabbatar da laifin. Dodo ya ga abu ya zo da sauƙi, ya bar yawo, ya zo ya kwanta a ƙofar gari ya wangame baki. A da mutum ɗaya yake ci a mako, yanzu kullum ana miƙo masa.

"Har ya yi tumbi," in ji Kaka, ta ɗan bugi cikin Habu.

A garin akwai wata tsohuwa mai 'ya'ya maza biyu, ƙaramin minshari yake yi. Tana faɗin haka muka juya muka kalli Habu, don shi ma in ya kwanta kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Muka fashe da dariya, har Inna ta murmusa, karo na farko a kwana uku. Kaka ta bari muka gama, sannan ta rage murya. Maƙwabta suka ji minsharin. Da hantsi suka zo suka cika ƙofar gida, suna nuna yaron, suna taɓa kunne. Wan yana tsaye a bakin zaure. Suka dube shi, ya sunkuyar da kai, ya matsa gefe ya ba su hanya.

Uwar ba ta roƙe su ba. Ta ɗauki fartanya ta tono turminta, ta kakkaɓe ƙasa, ta zuba dawa, ta ɗaga taɓarya. A nan Kaka ta riƙa buga gindin muciya a ƙasa, a hankali, har muna jin sa a cinyoyinmu. Ta ce tsohuwar ta kira yaron da sunansa, da ƙarfi, sunan da ya shekara bai ji a bakin kowa ba, ta ce ya zo ya tankaɗe mata gari. Sannan ta juya ga mutanen ta ce, "Nawa ne, a nan zai kwana. Mai jin yunwa ya zauna, mai jin tsoro ga hanya."

Kaka ta ajiye muciya ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Muka jira. Ba ta ƙara ba.

"Sai me?" na ce.

"Sai aka ci tuwo."

"Dodon fa? Bai ji ba?"

"Ya ji mana. Makaho na ce maka, ban ce kurma ba."

"To ya zo?"

"Ya zo ko bai zo ba, ba na wurin. Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku ma ku je ku shimfiɗa taku."

Raina ya ɓaci. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, ba ta da ƙarshe, an sa mu ɓarar gyaɗa a banza. Ta ce in na saya mata gishiri za ta ba ni ƙarshen. Na ƙi dariya. Na ce, "Ai mutanen suna da gaskiya. Minsharin ne ke jawo dodo."

Sai ta daina ɓara ta dube ni. Ba kasafai take duban mutum sosai ba.

"Wataƙila suna da ita, maigida. Amma in na tura ɗana waje, dodo ya ƙoshi yau, gobe in ya sake jin yunwa, da wa zan zauna in ji tsoro?"

Ta sa muka ɗaga hannu. Addu'arta ba ta da tsawo, rabinta Hausa rabinta Gwari. Abin da na riƙe shi ne, "Allah, kai ka san inda yake, mu ba mu sani ba. Mun bar maka shi."

Washegari da la'asar babanmu ya dawo, ba shanu, ƙafarsa a kumbure. Kaka ta ce, "Ina shanun?" Ya ce sun haye da su. Ta ce, "To je ka wanke ƙafa." Shi ke nan abin da ta ce. Can na zagaya bayan rumbu na same ta ta kifa goshi a jikinsa, kafaɗunta suna rawa. Da ta gan ni ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido. Babu wuta a wurin.

Wannan shi ne abin da ya dawo mini ranar Talatar nan. Kuma ba tsohuwar ce ta dame ni ba, wan ne. Ina yaro ban ko lura da shi ba. Kaka ba ta zage shi ba, ba ta ce Allah ya tsine masa ba, ya matsa gefe kawai, ba a sake ambatonsa ba. Na duba gidanmu na ga Kaka ta mutu, Inna ta mutu, Baba ya mutu. Babu tsohuwar da za ta tono turmi. Wan kaɗai ya rage.

Ranar Laraba na je wurin Habu. Makaniken babura ne, yana da rumfa a gindin wata darbejiya a bakin titi, amma tun da maganar ta fara yawo ba mai kawo masa ko facin taya. Matarsa ma ta kwashe yara ta tafi gidan iyayenta a Kazage. Na same shi zaune yana goge sifanun da ba su da datti. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ganina ya miƙe.

"Yaya."

"Zauna. Tambaya ɗaya zan yi maka. Kada ka haɗa ni da Allah, kada ka yi mini kuka. Me ya sa suka sake ka?"

Ya daɗe yana kallon sifanar hannunsa.

"Babura na gyara musu."

"Me?"

"Da suka ji ni makanike ne suka kwance ni daga cikin mutane. Goma sha ɗaya na gyara. Wani yaro yana zaune a bayana da bindiga yana shan rake, yana tofa mini ɓawon a wuya. Da na gama, babbansu ya ce in tafi, in sun sake lalacewa ya san inda zai same ni."

"Sun tambaye ka gidaje?"

"Sun tambaya."

"Ka faɗa?"

"Yaya, kwana biyu suna dukana kafin su san sana'ata. Na ce ban sani ba, na ce ban sani ba. Daga baya ban san abin da bakina ke faɗa ba. Wallahi kullum ina ƙoƙarin tunawa, ba na iyawa. Ka ga ko barci ba na yi."

Gaskiya ne. Wata huɗu bango ɗaya tsakaninmu, ban ji minsharinsa ko sau ɗaya ba. Na lura, na dai ƙi tambayar kaina dalili.

"Baburan da suka zo mana fa?"

"Na ji ƙarar ɗaya daga inda na ɓuya. Na gane ta. Ni na ɗaure wa babur ɗin salansa."

Akwai wata babbar sifana a kan benci kusa da hannuna. Na dube ta, shi ma ya ga na dube ta, bai matsa ba. Na juya na tafi. Na zo neman abin da zai sauƙaƙa mini, ko ya ce bai yi komai ba in yarda, ko ya ce ya yi in huta. Bai ba ni ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis da rana na dawo gida na tarar da matata Hajara tana kwashe tuwo. Kwano uku take zubawa kullum, nawa, na yara, da na Habu, ta kai masa ƙofar ɗaki da kanta. Na ce daga yau kada ta ƙara zuba masa. Na gaya mata maganar baburan, duka, har da salansar. So nake ta ji abin da na ji.

Ta saurara har na gama, mara tana hannunta. Hajara irin matan da ce. Isiyaku ɗan fari ne, don haka shekara goma sha bakwai ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan". Ko a gaban gawarsa ba ta karya ba.

"Isiyaku," in ji ta.

Na tsaya cak.

"Isiyaku. Isiyaku nawa. Kwana biyu na yi ina naƙudarsa, ni na wanke rigar da ya mutu a ciki. Ina ta jin kunya, ina cewa akwai lokaci. To ga shi na kira, bai amsa ba. In an kai Habu bakin rafi gobe, zai amsa?"

Ta ajiye marar, ta dube ni.

"Malam, wata huɗu ke nan ba ka yi magana a gidan nan ba sai ta faɗa. Yara in sun ji takunka sai su shige ɗaki su yi lamo. Kana tsammani ni daɗin ganinsa nake ji? Kullum da asuba ina roƙon Allah ya ba ni zuciyar da zan dubi Habu. Wata rana ya ba ni. Wata rana sai na kau da kai nake miƙa kwanon. Amma ina miƙawa."

Ta rufe kwanon da faifai, ta ratsa ta gabana, ta ajiye masa a ƙofa.

Tun da muka zo garin nan ban taka masallacin unguwa ba. A ɗaka nake salla, a gurguje, kamar mai sauke kaya. Ba zan ce na yi fushi da Allah ba, don ina tsoron faɗin haka, amma ban da abin ce masa, shi ma ban ji ya ce mini komai ba. Da aka kira la'asar ranar na yi alwala na fita, ban gaya wa kowa ba, ni kaina ban gama yanke shawara ba.

Na isa ana tayar da salla. Rabin mutanen masallacin 'yan ƙauyenmu ne da muka gudo tare. A sahu na biyu na hango Habu can ƙarshe a jikin bango, tsakaninsa da na kusa da shi akwai filin da mutum biyu za su tsaya. Liman ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi. Ya sake faɗa. Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka ci tuwon sunan 'ya'yansa ne, waɗanda ya sha gyara wa babura ya ce su bar kuɗin kawai. Ashe haka yake salla sau biyar a rana, wata huɗu, kuma bai daina zuwa ba.

Na ratsa ta bayan mutane na shiga gurbin. Na haɗa ƙafata da tasa.

Da aka sallame, kafin a watse, na miƙe. Tanimu yana sahun farko.

"Tanimu, ga ni. Habu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na tsaya masa. Ya gyara musu babura da bindiga a ƙeyarsa. Shi ya gaya mini, ni ma ina gaya muku, don kada gobe wani ya kawo shi a matsayin sabon labari. Abin da ya wuce wannan bai sani ba, ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Ɗana aka kashe, kuma a gidana Habu zai ci gaba da kwana."

Wani dattijo da ya rasa matarsa a harin ya tashi ya ɗauki takalminsa, ya tofar da yawu a bakin ƙofa ya fita. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba.

"Ka san abin da ka ɗauka, Lawal?" in ji Tanimu.

"Na sani."

"To. Allah ya sa kada ka yi nadama."

An kwana biyu da yin wannan yanzu, kuma ba zan ce komai ya gyaru ba. Akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata. A kasuwa in aikin lodi ya zo, ni ake kira a ƙarshe. Ƙauyenmu har yau ba ya shiguwa, an ce ciyawa ta fi mutum tsawo a tsakar gidanmu. Duk ranar da aka ji harbi a wani wuri, na san akwai zauren da ake ambaton sunana da na Habu. Wata rana kuma ina kallonsa yana cin tuwo sai salansar nan ta faɗo mini, in tashi in bar wurin.

Amma na gane abin da ya sa Kaka ta ƙi ba mu ƙarshe. Lokacin da take ba da labarin ba ta san ko ɗanta yana da rai ba. Ba za ta ce mana an kashe dodo ba, don ba ta yi wa yara ƙarya, kuma ba za ta bari mu kwana cikin duhu da yunwa muna sauraren daji ba. Ni duk rayuwata na ɗauka kwanciyar hankali tana zuwa ne bayan an gama da masifa, sai a ce to, yanzu a huta. Na kusa hamsin, ban ga an gama da ko ɗaya ba. Wadda na samu ƙarama ce, ba irin wadda na roƙa ba. Yara sun koma yin surutu ko ina gida. Ni da Hajara mukan zauna bayan magariba mu yi maganar Isiyaku da sunansa, wani lokaci har mu yi dariyar wautarsa. Abin da Habu ya faɗa ko bai faɗa ba a cikin dajin nan, na daina bin sa. Akwai wanda ya ji, kuma ba ni aka ɗora wa hukuncin ba.

In mutum ya tambaye ni yaushe na san na yi daidai, ba lokacin da na yi wa Tanimu magana ba ne, don a lokacin tsoro ne ya cika ni. Tun kafin nan ne, a cikin sallar. Da na haɗa ƙafata da ta Habu, tasa rawa take yi, tun daga kabbarar farko, har ina jin ta a gwiwata. Na ƙara danna tawa a jikinta, ban janye ba. A raka'a ta uku ta daina.